Tudun da Muka Zaɓa wa Yayana

Mu mutanen Gangara akwai abin da muka sani game da ruwa, kuma ba wanda zai koya mana shi: ruwa kwari yake bi. In damina ta sauka fadama ta cika, korama ta yi ta hauka tana jan kara da kashin shanu, sannan ta gaji ta kwanta. Rani na zuwa ka taka inda ta bi da ƙafarka, ko danshi babu. Saboda haka duk abin da muke tsoron ruwa ya taɓa, tudu muke kai shi. Rumbu a tudu, gida a tudu, maƙabarta kuwa a kan jigawa mafi tsayi a bayan gari. Da wannan ilimin na tafi bakin teku ina ganin kaina gwani, kuma da shi muka kusa miƙa wa teku yayana.

Yayana ne ya fara tafiya. Shi ne ɗan farin innarmu, mutum mai shiru-shiru, ni kuwa an ce tun ina goye nake da baki. Sana'armu ɗaya, ɗaurin ƙarfe da zuba siminti a rijiya, mun yi rijiyoyi daga Gazawa har ƙauyukan kan iyaka. Da aikin ya yi ƙasa ya bi wani direban babbar mota ya yi yamma, ya yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare masa. Daga can ya kira ni a waya ya ce in zo, ana neman masu ɗaurin ƙarfe, wai ana kafa wasu fankoki da za su riƙa kama iska suna mayar da ita wutar lantarki. Na ce, "Yaya, iska dai? Wadda ke kwashe mana rufin ɗaki?" Ya ce, "Ita fa. Kai dai ka zo, ka bar surutu."

Na je. Ba sai na faɗi sunan garin ba, wani ƙauyen masunta ne, musulmi kamarmu, yarensu daban, amma da ɗan Faransancin da na tsinto a lakol, makarantar boko, kafin in gudu muna fahimtar juna. Ranar da na fara tsayawa gaban teku bakina ya mutu, abin da bai taɓa faruwa ba. Da ya farfaɗo, tambayar da na fara yi wa yayana ita ce wane wata ruwan nan yake janyewa, don na ga bakinsa zai yi kankana. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce tun zuwansa bai ga ya janye ba, sai dai ya ɗan ja baya ya sake dawowa, kullum haka. Na ce to ai shi ke nan, yana da hankali, ya san iyakarsa.

Aikin kuwa, gani ya kori ji. Kowace fanka sandarta ta fi duk wata hasumiyar masallaci da na taɓa gani, fiffikenta guda in an kwantar da shi a ƙasa ya fi layin ƴan hatsi na kasuwar Gangara tsawo. An jera su a bakin ruwa ne saboda can iska ba ta hutu. Matsalar ita ce wurin duk yashi ne, kuma yashi ba ya riƙe abu mai nauyi da iska ke turawa dare da rana. Sai an fara kafa dogayen turaku, inji yana dukansu suna nitsewa har su tarar da ƙasa mai tauri can ciki. A kan turakun ne mu muke saƙa ƙarfe, faffaɗa, zagayayye, a zuba masa siminti, sannan a ɗora sandar.

Mai duba aikinmu wata injiniya ce, ƴar ƙasar, ba ta kai ni shekaru ba, siririya, kullum da hular kwano da takalman maza. Madam muke ce mata. Ba ta da faɗa, amma ba ta da sassauci. Abin da ta fi sa wa ido shi ne kada ƙarfe ya matso kusa da fatar siminti, don iskar teku gishiri gare ta, in ta samu ƙarfe sai ta cinye shi daga ciki, ginin ya tsage. Wata rana ta sa na kwance aikin yini guda saboda tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba. Na zage ta da Hausa tas, har da kakanninta, ina murmushi don kada ta gane. Yayana ya taka mini ƙafa ya ce, "Kwance kawai, ta fi ka gaskiya."

Hausawan wurin ba mu da yawa, in mun taru tabarma biyu ta ishe mu. Babbanmu wani dattijo ne Bagobiri, mutumin Cadakori, mai tsire a bakin shantiye, wato filin aikin. Ya daɗe a ƙasar har gemunsa ya yi fari a can, amma ko sau ɗaya bai taɓa sa ƙafarsa cikin teku ba, kifi ma cewa yake ƙarni gare shi. Baba muke ce masa. Ni da shi kullum cikin tsiya muke irin ta Bakatsine da Bagobiri. In ce masa tsirensa na jaki ne, ya ce shi ya sa nake sonsa, jini ba ya ɓuya.

A damina ta biyu da zuwana zazzaɓi ya kama yayana. Ya ɓoye, kamar yadda ya saba ɓoye komai, sai da ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki muka kai shi gidan likita. An yi abin da za a iya, amma kwana ya ƙare. Ya cika da hantsi, kansa a kan cinyata. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ga mutane cike da ɗaki amma ji nake ni kaɗai na rage a duniya.

Limamin masuntan, wani tsoho mai faɗin kafaɗa da tauraren hannaye, shi ya zo da kansa ya yi mana ta'aziyya, ya ce a kawo baƙo maƙabartarsu. Muka bi shi mu gani. Tana can bayan gari, nesa da teku, sai an zagaye wani tafki. Muka tarar da ciyawa shar, itatuwa sun yi duhu, kwaɗi na kuka da rana tsaka. Baba Bagobiri ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Mi? Hwadama?" in ji shi. "Mu sa mutum cikin hwadama sai ka ce dashen albasa? Wallahi ba da ni ba."

Abin da ke bakina ke nan ya riga ni faɗa. Duk muka juya muka dubi wuri guda, wani farin tudun yashi a gefen teku, gaba kaɗan da fanka ta ƙarshe. Ya fi ko'ina tsayi, busasshe ƙayau, irin jigawar da kowane ɗan Gangara zai so a kwantar da shi. Har da wasu tsofaffin kaburbura biyu-uku a kansa, muka ce to ga shaida, mutanen da ma sun san abin da suke yi. Ba wanda ya tambayi ina sauran kaburburan suka tafi.

Liman ya girgiza kai. Ya ce, ta bakin wani da ke fassara mana, tudun nan ba zaune yake ba, tafiya yake. Muka dubi juna. Tudu da tafiya! Baba ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Cin kihi ya taɓa musu kai." Liman bai ja da mu ba, don ba a jayayya da mai gawa a hannu. Ya tara mutanensa suka yi wa yayana salla, suka taya mu haƙa, suka kawo katakon tsohon jirgi aka tare yashin da shi. Aka rufe shi a inda muka zaɓa.

Da na kira gida, innarmu ta yi salati. Ita mai kunyar ɗan fari ce ta gaske, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa, ko "mutumin naku". Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Kun sa shi a tudu?"

"A tudu, Inna. Duk garin ba inda ya kai shi tsayi."

"To madalla," ta ce, ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Na zauna na ci gaba da aiki, don komawa gida hannu rabbana ba zai dawo da shi ba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci in hau tudun in yi masa addu'a, in ba shi labarin shantiye, tunda da ma shi mai saurare ne. Da aka gama tushen fankokin aka mayar da mu aikin tare teku. Ashe ruwan yana tono ƙarƙashin gaɓa, kuma in an bar shi wata rana zai iso gindin fankokin ya kwashe yashin da ke riƙe da turakun. Sai a shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri wanda ruwa ke ratsawa amma yashi ba ya bi, a zuba ƙananan duwatsu a kai, sannan inji ya jera manya, kowane ya kai bijimi. Igiyar ruwa ta zo da fushinta ta daki dutse ta watse. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai, har ina cika baki wai mun sa wa teku linzami.

Wata rana Madam ta kira ni gefe ta ce in raka ta. Na ce a raina yau kuma me na karkata. Muka bi bakin ruwa har ƙarshen duwatsun, har gindin tudun yayana. Ta ce lokacin jana'izar tana babban birni, ba ta san an sa sabon kabari a wurin ba sai da ta lura ina hawa kowace Juma'a ta tambaya. Nan ta nuna mini wasu turakun katako masu jan fenti da ta kafa a jere, daga bakin gaɓa zuwa sama. Na sha ganinsu, na ɗauka na masu awon fili ne. Ta ce da su take gane yawan abin da teku ya ci, kuma na gaba-gaban duk sun tafi. Ta tsuguna ta zana mini a ƙasa da yatsa. Yashin bakin teku, in ji ta, kullum cikin tafiya yake, ruwa na ɗiba daga nan yana ajiyewa can, yana ɗiba daga can yana kaiwa gaba. Inda muka jera duwatsu ya daina samun abin ɗiba, saboda haka da yunwa yake isowa tudun. Da ma yana cinsa tun kafin a haife mu, yanzu kuwa ya ƙara loma.

Na ce, "Madam, kina nufin duwatsun da na jera da hannuna?"

Ta ce, "Su. Ni na zana su, kai ka jera. Ba zan ɓoye maka ba."

Kai, ranar na yi hauka. Na ce to a ƙaro duwatsu a zagaye tudun, ai ba su ƙare a duniya ba. Ta ce in an tare nan yunwar gaba za ta wuce, kuma abin da ke gaba gidajen masunta ne da yaransu a ciki. Tun a zanen farko an bar wa teku tudun don garin ya tsira, ana kuma zuba wa gaban garin yashi da motoci. Na ce wato fankar ƙarfe ta fi ɗan Adam daraja. Na ce don mu baƙi ne. Na faɗi maganganu da gurgun Faransancina, da ya ƙare na ci gaba da Hausa, wannan karon ba murmushi. Ta tsaya tana jina har na gaji.

Sannan ta ce in zo in ga wani abu. Lokacin ruwa ya ja baya. Ta nuna mini can cikin teku, inda igiyar ruwa ke karyewa, wani abu a tsaye kamar gungumen giginya. Na ƙura ido. Ko daga barci aka tashe ni na san wannan abin, rijiya ce. Zobban siminti ne a kan juna, irin waɗanda na yi rayuwata ina zubawa, ƙasar da ke kewaye da su duk ta tafi ta bar su tsaye a ruwa. Ta ce rijiyar gidan kakarta ce, tana yarinya ta sha ɗiban ruwa a cikinta, kuma daga gidan sai an yi ƴar tafiya kafin a kai bakin teku. Ba wanda ke haƙa rijiya a cikin ruwa, wannan ba sai an je lakol ba. Na zauna a yashi na rufe fuska.

Ta ce watannin da teku ke hauka suna tafe, ba ta jin tudun zai wuce su. "Ka je ka yi shawara da mutanenka," in ji ta. "Gurbinka na nan, ba wanda zan ba. Zan sa a jera manyan buhunan yashi a gindin tudun, amma ka sani ba magani ba ne, jinkiri ne kawai. Kada ka daɗe."

Baba Bagobiri da ya ji, ya ajiye wuƙarsa, wutar tsire na ci a banza. Can ya ce, "Ni na ce hwadama." Na ce, "Baba, duk mun ce, kai dai bakinka ya fi sauri." Ya ce tada kabari ba maganar da ƴan ci-rani za su yanke ba ce, akwai uwa, akwai malamai. Ya ƙulle mini kilishi na hanya ya raka ni tasha.

Na iso Gangara da rani tsaka, gonaki fayau, shanun Fulani na kiwo a kan kara. Bayan an gama gaisuwa da koke-koke na sami innarmu ita kaɗai a inuwar rumbu tana ɓarar gujiya. Na tsuguna na faɗa mata komai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ai ga rani ya yi. Ruwan zai koma."

"Inna, wannan ruwan ba ya da rani."

"Kowane ruwa na da rani."

"Wallahi wannan ba ya da shi. Korama ce wadda ba ta kwanciya, kullum cikin cin gaɓa take."

"To a yi addu'a. Ba a tada wanda ya kwanta. Mutumin naku yana raye ma bai son a dame shi, sai yanzu ku je ku buɗe shi rana ta gan shi?"

Na fara ɗaga murya, halin nawa. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, na haɗiye sauran. Na fita ina huci, hankalina na can wajen buhunan da na baro a gaban teku.

Ban zarce ko'ina ba sai zauren malamin da ya koya mana karatu, ni da yayana. Ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, amma kansa garau. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na zo da tambayar da ban san ko tana da amsa ba." Da na gama bayani ya ce in maimaita abin da ke cin kabarin. Na ce teku. Sai na ga tsoho ya yi murmushi, hawaye kuma na bin gemunsa. Ya ce a littattafan fiƙihu da ya gada akwai wannan mas'ala, malamai sun halatta a ɗauke mamaci a sake masa wuri in ana tsoron teku zai ci kabarinsa, muddin za a kiyaye mutuncinsa. Ya ce shekara da shekaru yana karantar da wurin, in ya zo kansa sai ya wuce da sauri, yana cewa a ransa ina Gangara ina teku. "Ashe ɗalibina aka rubuta wa," in ji shi.

Bai aike ni da amsar ba. Ya sa na riƙe masa sanda har gidanmu, ya yi sallama, aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar ɗakin innarmu, ita tana ciki. Ya yi mata bayani a hankali, ya ce barinsa ga ruwa shi ne tozarta shi, ɗauke shi kuwa sutura ce ta biyu. Ta ce, "Na ji, Malam." Da ya tafi na ji tana jan akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta fito da farin yadi a naɗe, yana ƙanshin turare da daɗewa. Na san shi, duk gidan mun san shi, likkafaninta ne da ta tanada wa kanta tun rasuwar mahaifinmu. Ta ɗora mini a hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Na wancan ya tsufa yanzu," ta ce. "Ka tashi gobe."

Da na koma, na zarce wajen tudun. Teku ya farfasa rabin buhunan, ya yanke gaban tudun kamar an sa wuƙa, tsofaffin kaburburan nan babu ko ɗaya. Tsakanin yayana da bakin ramin bai fi shimfiɗar tabarma ba. Aka gaya mini Madam ta yi ta sa ana ƙaro buhuna bayan an tashi aiki, kuma ita ta yi ta zirga-zirga daga wannan buro, wato ofishin gwamnati, zuwa wancan har ta karɓo mana izinin hukuma. Liman kuwa da na je masa da kunyata, ina shirin doguwar ban-haƙuri, bai bari na fara ba. Ya dafa kafaɗata ya ce gobe in ruwa ya ja baya.

Washegari masunta ba su fita kamun kifi ba, suka zo. Aka kawo katakai daga shantiye aka kafa ta gefen teku don kada yashin ya zube da mu. Aka kewaye wurin da tabarmi da zannuwa. Mu uku muka shiga, ni da liman da Baba Bagobiri, wanda bai taɓa matsowa kusa da ruwa haka ba, yana haƙa yana salati, igiyar ruwa na dukan buhuna a ƙarƙashinmu. Duk yashin da na ɗebo sai na murza shi a hannu, ina tsoron jin danshi. Har muka kai katakon jirgin nan yashin a bushe yake. Ba mu buɗe komai ba. Muka shimfiɗa farin yadin innarmu muka naɗe shi a hankali da abin da ke jikinsa, muka ɗago shi. Ba shi da nauyi. Nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar farko.

Madam ta aiko da mota, masuntan suka ce a'a, a kafaɗa za a kai shi. Hanyar ta bi ta gefen shantiye. Da muka iso na ji wurin tsit, an kashe injuna duka, ma'aikata sun tsaya a jere sun cire hulunan kwano, har waɗanda ba addininmu ɗaya ba. Fankokin da aka riga aka tayar ne kawai ke juyawa a sama. Na hango Madam can nesa ita kaɗai, ta yafa gyale a kan kayan aiki.

A maƙabartar masunta ni na karɓi diga na fara sara, don in ji da hannuna abin da muka ƙi. Ana wuce saiwar ciyawa sai ga jar ƙasa mai tsakuwa, mai tauri, irin wadda mai rijiya ke murna in ya tarar. Tafkin da ya tsorata mu yana can ƙasa, wurin a kan doron tsakuwa yake, itatuwa ne kawai suka hana ido gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baba ya ɗebi ƙasar ya murza, ya ce, "Kai Bakatsine, kada ka hwaɗa ma kowa a gida." Ga shi yau na faɗa. Aka kwantar da yayana a tsakiyar iyayen mutanen, ba a gefe ba inda akan sa baƙi.

Haukan tekun ya zo a lokacin da Madam ta ce. Wata safiya muka fito aiki muka ga tudun ya rabu biyu, kafin watan ya ƙare inda na saba tsugunawa ranar Juma'a ya zama hanyar ƙananan jirage. Fankokin na tsaye, garin na nan. Na daɗe ina kallon wurin, sannan na tafi neman Madam. Na shirya magana mai tsawo a hanya, da na tsaya gabanta Faransancin ya gudu ya bar ni. Da Hausa na yi mata godiya, na sa wa iyayenta da kakarta albarka, ta tsaya tana jina kamar yadda ta tsaya ranar zagi. Ina jin ta gane bambancin. Har gobe in na yi salla ina sa ta a addu'a, ita da liman da mutanensa. Mun raina musu hankali, suka rama mana da kafaɗunsu, kuma ba wanda ya taɓa ce mini ai mun gaya muku. Ina son mutanen nan, wallahi, kamar ciki ɗaya muka fito.

Da aikin ya ƙare na dawo gida gab da shuka, lokacin da kowa ke taka-tsantsan da hatsinsa. Innarmu ta sa na ba ta labarin ranar tun daga farko, su wa suka haƙa, su wa suka ɗauka, wa ke kwance damansa, wa ke hagunsa. Da na gama ta ce a buɗe rumbu a cika buhu da gero, a nemi direban da zai kai wa mutanen nan. Na ce, "Inna, damina ba ta sauka ba, kuma su shinkafa da kifi suka sani." Ta ce, "Su ba kajinsu. Ba a gai da maƙwabtan mutum hannu wofi." Aka cika buhu.

Na miƙe zan fita ta ce in dakata. Ta daɗe tana juya ƙwaryar da ke gabanta.

"Ruwan," ta ce. "Bai taɓa shi ba ko?"

"Bai taɓa shi ba, Inna."

"Ko ta wajen ƙafa?"

"Ko ta wajen ƙafa. Ni na ɗebe yashin da hannuna, a bushe yake."

Ta ce alhamdu lillahi, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na rawa. Na koma na zauna kusa da ita har aka kira la'asar.